Ranar da Goggo Winnie Ta Kashe Wutar Kasko

Duk layinmu an san Desmond Pickering ba ya kallon "Bakin Kasuwa". Shi ya faɗa da bakinsa, a mashaya, a ƙofar coci, har a tashar bas. Shekara ashirin da biyu ana wasan nan a talabijin, Talata da Alhamis, bakwai da rabi na yamma, shi kuwa da an saki kiɗan buɗewa sai ya ja jarida ya rufe fuska, ya ce wa matarsa, "Glenys, rage min ƙarar shirmen nan." Glenys ɗin ce ta gaya wa maƙwabciyarta, ita kuma bakinta ba ya riƙe ruwa, wai a rabin awar nan ba ta taɓa jin ya juya shafi ba.

Abin dariyar, duk ranar da aikin yamma ya faɗo kansa, wasan ne aikin nasa. Desmond yana zama ne a ɗakin da ake raba wa ƙasa wutar lantarki. A bangon ɗakin akwai wata allura mai girman hannun mutum, wadda dole ta zauna a tsakiya. In jama'a suka ja wuta fiye da wadda ake da ita, sai ta faɗi hagu. In wutar ta yi yawa ba mai sha, sai ta hau dama. Kowane gefe akwai jan layi, in ta taɓa shi injuna su kashe kansu, garuruwa su shiga duhu. Kowa kuma ya san halinmu: da wasa ya ƙare, gida miliyan goma za su miƙe lokaci guda su jona butar shayi. Don haka aka ajiye wani tafki a kan dutse can Wales. Desmond zai ɗaga waya ya ce a saki ruwa, ruwan ya gangaro ya juya injuna, bayan minti biyu wuta ta iso. Minti biyun nan shi ne wuyar aikin. Sai ka san za a tashi tun kafin a tashi.

Bara da sanyi, bayan wani wasan ƙwallo, Desmond ya makara. Gari biyu suka yi kwata na awa a duhu, har da wani asibiti. Aka kira shi sama aka ce masa saura sau ɗaya, a ɗauke shi daga kujerar a kai shi ɗakin ajiyar takardu ya ƙarasa shekarunsa a can. Aka kuma ɗora masa sabon shugaba, Mista Harcourt, yaro ɗan jami'a mai gyararren gashin baki, wanda bai yarda da komai ba sai abin da ke rubuce.

Alhamis ɗin da nake ba ku labari, wasan kai tsaye za a yi shi, don bikin jikar Goggo Winnie, tsohuwar cikin wasan mai soya kifi da dankali. Sati uku jaridu ba su da zance sai rigar amarya. Su uku ne a ɗakin: Desmond a kujerar waya, Harcourt a tsaye bayansa, sai Trevor, wani ƙato mai cin biskit, wanda aikinsa karanta allura da tsokanar mutane.

Harcourt ya ɗaga takardar da gidan talabijin ya aiko. "Takwas saura minti biyu za su gama. Takwas saura huɗu ka ba da umarni, Pickering. Ba kafin nan ba, ba bayan nan ba."

"Na ji, yallaɓai."

"Ka tausaya masa, oga," in ji Trevor. "Rabin awa zai yi yana kallon shirme ba jarida. Tsoho, in kawo maka ta jiya?"

"Ci biskit ɗinka."

Aka ɗaura aure lafiya. Ango ya yar da zobe, aka yi dariya, aka wuce zauren rawa. Allura tana tsakiya kamar an manna ta, don duk Ingila tana zaune. Desmond ya ɗora haɓa a hannu yana nuna gajiya.

Takwas saura kwata, sai Goggo Winnie ta zare jiki daga wurin rawar ba ta yi wa kowa sallama ba. Aka bi ta da hoto, tana tafe a hankali da hular biki, har shagonta. Ta shiga, ta tsaya gaban kaskon suya, ta sa hannu ta kashe wutarsa.

Desmond ya sauke hannu daga haɓa. Shekara ashirin da biyu bai taɓa ganin kaskon nan a kashe ba. Ranar da mijinta ya gudu da mai gyaran gashi yana ci. Ranar da ruwa ya cinye layin yana ci.

Winnie ta leƙa ƙofa, ta kira wata tsohuwa da ke share gaban shagonta a tsallaken titi. "Norah. Zo."

"A'a," in ji Desmond, bai san a fili ya faɗa ba.

"Me?" in ji Harcourt.

Norah ta tsallako tana harare-harare. Winnie ta ja mata kujera, ta ce, "Nemo abin rubutu. Zan gaya miki yadda nake haɗa ƙullun kifina."

Desmond ya dubi agogo. Takwas saura goma sha ɗaya. Hannunsa ya kai kan waya.

"Pickering, me kake yi?"

"Mutuwa za ta yi, yallaɓai. Yanzu."

"Wa?"

"Winnie."

Trevor ya ƙyalƙyale har biskit ya sarƙe shi. "Biki ake, tsoho! Wa ke mutuwa ranar biki?"

"Shekara goma sha tara ba ta yi wa Norah magana ba, tun ranar da Norah ta ce a gaban mutane man suyarta ya kwana. Ƙullun nan kuwa 'yarta ta cikinta ta durƙusa ta roƙe ta, a kashi na ranar Kirsimeti, shekarar da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, ta hana ta. Ta ce sai ranar da za ta bar duniya za ta faɗa, kuma wanda ke kusa shi zai ji. Duk mai kallo ya san wannan."

Trevor ya saki baki yana kallonsa kamar ya ga limamin coci a gidan rawa.

"To ta mutu mana," in ji Harcourt. "Ina ruwanmu? Takarda ta ce saura minti biyu za a gama. Mutane za su zauna har ƙarshe."

"Ba za su zauna ba."

"Wa ya ce?"

Desmond ya tuna ranar da aka bugo wa Glenys waya cewa ramin kwal ya rufta da ƙaninta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zauna ba. Ta ajiye wayar, ta wuce kicin, ta cika buta. Sai da ruwa ya tafasa sannan kukan ya zo. Uwarsa ma haka take, kakarsa ma haka.

"Yallaɓai, a gidanku in aka yi mutuwa, me ake fara yi?"

Desmond ya ci gaba.

"Ba wanda zai zauna kallon rawa Winnie tana kwance. Da ta faɗi za su tashi, kuma har waɗanda ba su saba tashi ba."

"In kuma ba ta faɗi ba? Ka sako mana tafki guda ba mai sha? Allura ta hau dama, komai ya tsaya. Na hana ka, Pickering. Trevor, kai shaida ne, na hana shi."

A talabijin Winnie tana cewa, "Gari kofi huɗu. Ki tankaɗe sau biyu, ba irin naki na ƙyuya ba."

Desmond ya san tsawon ƙullun nan ba zai wuce minti biyu ba. In ya jira ya ga faɗuwarta da idonsa, ya makara, kuma a wannan karon ba gari biyu ba ne. In kuma ya saki ruwa tsohuwar ta tashi ta koma rawa, shi ya kashe wutar da hannunsa, a gaban shaida. Ta ko'ina ɗakin takardu yana kallonsa. Ya ɗaga wayar.

"Idwal? Desmond ne. Saki ruwa. Duka."

Daga can Wales muryar Idwal, mai kula da tafkin, ta zo a hankali, kamar kullum. "Mutumina, agogonka lafiya? Da sauran minti shida."

"Duka, Idwal. Yanzu."

"To. Wuyanka ne, ba nawa ba."

Harcourt ya yi fari fat. "Ka gama aiki a ɗakin nan. Ba ni wayar."

Desmond ya mayar da kan wayar, ya dafe shi da tafin hannu. Mutum ne da ko mai shara bai taɓa yi wa musu ba, ga shi yau ya danne waya shugabansa na jan hannun rigarsa.

"Gishiri kaɗan," in ji Winnie. "Sai giya rabin kwalba, mai sanyi. Mai sanyi na ce, Norah, kina ji ko kunnen ma ya tafi?"

Minti ɗaya ya wuce. Tsohuwa garau, har da tsiwa.

"Ta fara motsi," in ji Trevor. Ya ajiye biskit. Wutar tafki ta fara isowa, allura ta bar tsakiya ta karkata dama.

"Dube ta!" Harcourt ya nuna talabijin. "Wannan ce mai mutuwa? Ta fi ni lafiya!"

Norah ta gama rubutu ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne abin da kika yi ta ɓoyo?" Winnie ta ce, "Saura abu ɗaya." Sai ta tsaya gyaran hula. Ta cire, ta duba furen, ta mayar. Ashe 'yar wasan ce ta samu fili, shekara ashirin da biyu tana jiran wannan rana, ba za ta mutu da gaggawa don wani Desmond ba.

"Rabin hanya," in ji Trevor. Muryarsa ta siranta. "Tana hawa, tsoho."

"Kira shi ya rufe!"

"In ya rufe, sai wani minti biyun kafin ya dawo, yallaɓai."

"Pickering, ina ba ka umarni!"

"Faɗi ƙasa mana, Winnie," in ji Desmond a ransa. "Don Allah faɗi." Matar da ya fi so a duk wasan, wadda ya yi wa hawaye a bayan jarida ranar da ɗanta ya tafi gidan yari, yau shi ke roƙon mutuwarta.

"Saura yatsa uku ta taɓa ja," in ji Trevor.

Daga nan ba wanda ya ƙara duban talabijin. Su uku suka zuba wa bango ido. Harcourt ya daina jan rigar, ya riƙe kafaɗar Desmond bai sani ba.

"Yatsa biyu."

A ransa Desmond ya ga ɗakin takardu, ƙasan bene, ba taga. Ya ga Glenys zaune a falo wuta ta ɗauke mata ana tsakiyar wasa, ta kuma san mijinta ne.

"Ɗaya. Desmond, ɗaya!"

Desmond ya ɗaga hannu daga kan wayar. Harcourt ya wawure ta ya kai kunne.

Allura ta tsaya.

Ta yi rawa a wurin kamar mai shawara. Sai ta juyo. Ba a hankali ba, faɗowa ta yi kamar an sake ta daga sama, ta wuce tsakiya ta nufi hagu. Daga Newcastle har Plymouth mutane sun miƙe.

"Wayyo Allah," in ji Trevor. "Ga su nan. Ga su nan fa!"

"Yallaɓai, ce masa ya ƙara na ajiya," in ji Desmond.

Harcourt bai tambayi takarda ba. "Idwal! Harcourt ne. Duk abin da ya rage, sako shi!"

Allura ta ci gaba da gangara, duk da tafki guda yana tura ta. Rabin hanya. Ta wuce rabi. Fitilun ɗakin suka dushe kaɗan, Trevor ya kama gefen tebur. Saura yatsa biyu ta taɓa jan hagu ta tsaya, ta daɗe a nan har mutum ya iya karanta addu'a, sannan ta fara jan jiki tana komawa tsakiya.

Da takwas saura minti biyu ta yi, aka saki kiɗan rufewa, allura ko gezau. Masu tashi sun riga sun tashi.

Harcourt ya dubi takardar da ke hannunsa, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya zauna a gefen tebur, abin da bai taɓa yi ba. "Da mun jira," ya ce, bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Talata kai ne a kujerar nan, Pickering. Da Alhamis. Duk ranar da ake wasan."

"To, yallaɓai."

Desmond ya share fuska da hankici, ya juya ga talabijin. Har an shiga labarin yanayi, wani yana nuna hadari da sanda.

"Yaya ta mutu?" ya ce.

Trevor ya dubi Harcourt, Harcourt ya dubi Trevor.

"A kujera? Ko faɗuwa ta yi? Abu ɗayan da ya rage a ƙullun, ta faɗa?"

"Tsoho, allura nake kallo."

Duk Ingila ta gani, ban da mutum ukun da aka biya su kalla. Desmond ya sake kiran Wales. Idwal ya ce su ba su da talabijin a cikin dutse, amma matarsa ta bugo yanzu tana kuka, ko kalma ɗaya bai gane ba.

Desmond ya ajiye wayar. Idonsa ya kawo ruwa, bai kuma nemi abin rufe fuska ba. Sai ya miƙe a hankali ya nufi lungun da suke ajiye kofuna.

"Pickering!" Harcourt ya daka tsawa, yatsansa na nuna bango. "Kada wanda ya taɓa butar nan sai allurar can ta gama zama!"