Hular Kwano a Ƙasan Rumbu

Sunana Muntaka, gyaran keke nake yi. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, to a yi haƙuri da rubutun.

Shekarar farin nan da gero ya bushe a tsaye, wani Alhaji mai sayar da kekuna a birni ya sa gasar tseren keke a ramin marmarar da masu titi suka haƙa a bayan garinmu, ta hanyar Minjibir. Gangara ce doguwa, duk tsakuwa, can ƙasa ga kwana, a gindin kwanar ga dutse. Wanda ya riga kowa sauka yana da buhu biyu na gero. Sharaɗin dai ba mai hawa sai da hular kwano, da abin tare gwiwoyi.

Ƙanena Uwaisu ya ce zai shiga. Ban hana shi ba. Gidanmu ɗaya, rumbunmu ɗaya, kuma a lokacin tafasa da rama muke ci da rana. Matarsa Asiya tana goyo. Na gyara masa keken, na canja birki, na yanka tsohuwar taya na yi masa na gwiwa. Saura hula.

Duk garin mutum ɗaya ke da ita, Khalilu mai babur, maƙwabcina a gona. Shekara uku ba ma magana sai sallama, tun da ya tsallake gambar iyaka ya ci mini kunya biyu, mai unguwa kuma ya ba shi gaskiya. Ana gobe tsere, da la'asar, sai ga shi a zaurena da hular a hannu, ja ce, da gilashi.

Ya ce, "Muntaka, ba don kai na kawo ba. Ka ba Uwaisu."

Na ce, "Wanda ya ci gonarmu ba zai rufe mana kai ba. Ɗauki abinka."

"Kan naka ne? In naka ne ai ba ya bukata, ya fi dutsen tauri."

Ya ajiye ta a kan tabarma ya fita. Ba kowa a wurin. Na ɗauka na zagaya, na ɗaga murfin rumbu na jefa ta ciki.

Daga nan na shiga na karɓi ƙwaryar furar Asiya. Na shafe bayanta da baƙin fentin keke, na cusa tsumma a ciki, na huda gefe biyu na zura robar tiyub. Uwaisu yana kallo yana dariya.

Ya ce, "Yaya, in na ciyo geron, a cikinta za a dama, ko?"

Na ce, "Kan da ke ɗaukar dami uku ba ya tsoron tsakuwa. Don su gani ne kawai."

Da safe mai duba kayan 'yan tsere ya hango ta daga nesa, ya yi alama a takardarsa. Uwaisu ya kifa ta a ka, ya ja robar ƙarƙashin haɓa, ya juyo.

"Yaya, ta zauna?"

Na ƙwanƙwasa ta da yatsa na ce ta zauna.

Shi ne a gaba har kwanar. Ban ga faɗuwar sosai ba saboda mutane, ƙarar na ji. Duk wanda ya taɓa jin an taka ƙwarya ya san ta. Wani mutumin Rimin Gado ma ya faɗi a wurin, da hula ta gaske, ya tashi ya karkaɗe wandonsa.

Uwaisu bai mutu ba. Wata biyu ya yi a asibiti a birni, aka dawo mana da shi yana tafiya, yana cin abinci, amma bai san ɗansa ba, bai san gona ba. Asiya ta tsince gutsattsarin ƙwaryar ta ɗinke su, don ba ya barci sai da ita. Kullum da hantsi zai fito zaure inda nake aiki, ya kifa ta a ka, ya tsaya a gabana.

"Yaya, ta zauna?"

In ban ƙwanƙwasa na amsa ba, nan zai tsaya har azahar. Shekara shida ke nan.

Mutanen gari sun ce talauci ne, da an samu hula da ba haka ba. Asiya ma haka take faɗa, tana sa mini albarka wai na yi iya ƙoƙarina. Khalilu bai taɓa tambayar hularsa ba. Bai gaya wa kowa ba. In mun haɗu a iyakar gona sai ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki, ya ci gaba da nomansa. Da ya zage ni da ya fi mini.

Ni kaɗai nake shiga rumbun, na kafa doka. Kowace kaka in jera dammuna a kanta, kowace bazara in hatsi ya ja ƙasa sai jan nan ya leƙo. Na sha niyyar jefa ta a rijiya. Da na ɗauko ta sai in mayar da ita. Wani lokaci ina ɗaure sifok ɗin keke sai in ji ƙwas a bayana, in waiwaya, ba komai sai kaji.

Bana hatsin ya ƙare tun kafin ruwan shuka. Ga shi ƙafata ta kumbura, ba na iya hawa. Ran Laraba Asiya ta ce bari ta leƙa ta share ɗan abin da ya zube a ƙasa, ko a samu na kunu. Na ce ta tsaya. Na ja ƙafar na hau da kaina, na fito da hular, na aika a kira Khalilu.

Ya zo ya tsaya a bakin zaure. Asiya ta dubi hular, ta dube shi.

Na ce, "Ana gobe tsere ya kawo ta. Ni na ɓoye. Saboda kunya biyu na gona."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya Muntaka, ƙwaryata ka ce in ba ka, na wanke na ba ka." Ta shige ciki. Har yau ba ta ƙara ce mini komai ba, abincina a bakin ƙofa nake samu.

Uwaisu ya fito a lokacinsa. Na cire ƙwaryar daga kansa, na goge ƙurar hular da hannun rigata, na sa masa, na ɗaure. Daidai kansa, kamar an gwada. Sai ya ciro ta da hannu biyu ya miƙa wa Khalilu. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryarsa, ya kifa, ya ja robar.

"Yaya, ta zauna?"

Khalilu yana kallona, da hular a hannu. Na ɗaga yatsa na ƙwanƙwasa.