Yadi Ashirin a Bayan Tashar Uhudu

Ƙwallon ta cinye yadi ashirin cikin ƙasa da sakan ɗaya, ta kuma gurɗe wa Fahad ɗan yatsa. Da wannan jifar ce Malam Hamid ya samu abin da zai rubuta a layin da ya rage masa a takardar da ya yi kwana goma sha ɗaya yana juyawa bai cike ba.

Abin ya faru ne wata Alhamis da sassafe, cikin Afrilun 1999, a filin ƙasa da ke bayan tashar motocin maziyarta a Uhudu, a Madina. Mutum biyar ne a wurin. Akwai Hamid, malamin motsa jiki a wata sakandare a unguwar Ƙurban, mai shekara arba'in da shida da furfura a gemu. Akwai ɗansa Fahad, da yayarsa Kaltuma mai rumfar dabino a bakin tashar, da ɗanta Yazid, saurayi ɗan shekara goma sha tara, wanda dominsa aka taru. Na biyar shi ne Lurwanu, mutumin Chadi mai ɗaukar bidiyon biki, da kyamararsa a kafaɗa.

Hamid ya yi karatun shekara huɗu a wata ƙaramar kwaleji a Amurka. A can ya koyi ƙwallonsu mai siffar gwanda, wadda ake jefawa da hannu. Gaskiya ya fi zaman benci da shiga fili, amma ya dawo Madina da ƙwallo ɗaya da adireshin kocinsa, wani mai suna Dalton, kuma shekara ashirin ba su daina musayar wasiƙa ba.

Wata huɗu kafin wannan rana, Hamid ya je gaida yayarsa a rumfa, ya tarar wata motar alhazan Indonisiya ta tashi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana nuna ledar dabinonta da ta manta a kan tebur. Direbobin tashar ba sa tsayawa idan sun ɗaga. Yazid ya ɗauki ledar, ya ɗan dubi motar, ya wurga. Ledar ta shiga ta tagar motar da ke tafiya, ta sauka a cinyar tsohuwar. Babu wanda ya yi mamaki sai Hamid. Kaltuma ta ce ai kullum sai an yi haka sau biyar ko shida.

Washegari ya fito da tsohuwar ƙwallonsa ya hura mata iska. Tun daga nan kowace Alhamis yake koya wa Yazid riƙo da taku, shi ne kuma mai cafewa, tunda babu wani a unguwar da ya san wasan. Da ya rubuta wa Dalton, amsa ta zo da takardar tambayoyi. Kocin ya ce gurbi ɗaya ya rage masa na mai jefa ƙwallo, wato wanda duk wasan ke fitowa daga hannunsa, kuma gurbin haɗe yake da karatu. Yana son kaset na bidiyo da shaidar Hamid kafin ƙarshen Afrilu, a kan abu biyu: saiti da ƙarfin hannu.

Layin saiti bai ba Hamid wahala ba. Na biyun ne ya tsaya masa a wuya. Duk jifar Yazid sai ta hau sama, ta yi lilo, ta sauko a hankali. A wasan gaske ƙwallon da ta daɗe a sama haka abokan karawa ne ke ɗauke ta. Hamid bai taɓa yi wa Dalton ƙarya ba, ba ya kuma son ya rufe wa ɗan yayarsa ƙofa da hannunsa. Shi ya sa ya tara mutane a wannan safiya, a gwada na ƙarshe a gaban kyamara.

Ya auna filin da tef ɗin awo, ya jera duwatsu a kowane yadi goma. Kaltuma na zaune a inuwar katanga bisa kujerar roba, da fulas ɗin shayi a gefenta.

"Yadi ashirin?" in ji ta. "Wannan ai ya ɗinka wa gida guda kayan salla."

Da saiti aka fara. Hamid ya yi ta gudu irin na mai shekarunsa, hagu da dama, yana juyowa. Sau goma Yazid ya jefa, sau goma ƙwallon ta sami Hamid a ƙirji, ko ƙafa bai sauya ba. Sau biyu sai da ya tsaya ya yi wa Lurwanu magana, saboda ya saba da biki, yana barin ƙwallo ya bi fuskokin mutane.

Daga nan aka koma ƙarfi. Hamid ya tsaya a dutse na biyu, ya ba Fahad agogon awon gudu.

"Yazid, miƙe za ka sako ta, kamar igiya. Ka ji?"

"Abshir, ya hali," in ji Yazid, wato an gama, Kawu. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsa wa kawun nasa, kamar yawancin tsaransa.

Ƙwallon ta tashi, ta yi lilonta, ta sauka a tafin Hamid ba ko ƙara.

"Sakan ɗaya da rabi da ɗoriya," in ji Fahad. "Baba, na kusa zuwa wurin Gwaggo in sha shayi kafin ta sauko."

Aka sake. Sakan ɗaya da rabi. Aka sake har sau shida, lambar ba ta motsa ba. Dalton ya rubuta cewa duk abin da ya haura sakan ɗaya, kada ma a wahalar da kaset.

"Jifa na ce, ba miƙo ba!" Hamid ya ɗaga murya. "Ka jefe ni, kai!"

Yazid ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗayyib," wato to. Ta bakwai ta fi sauran laushi.

Hamid ya ciro takardar daga aljihu ya dube ta. Rana ta fara taɓa kan dutsen Uhudu, motocin farko sun fara shigowa tasha, nan da rabin awa dole Kaltuma ta buɗe rumfa. Ya cire murfin biro.

"Hamidu, zo nan," in ji Kaltuma.

Ita kaɗai ke kiransa haka. Ya je ya tsaya a gabanta.

"Wai kai duk wata huɗun nan kai kake tsaya masa?"

"Ni ne, Yaya. Wa kuma zai tsaya?"

"Da wannan gemun?"

Bai gane ba, sai ta yi masa bayani tana zuba shayi. Shekara biyar da suka wuce, Yazid ya wurga wa wani tsohon Baturke ledar dabino da ƙarfi, ta fasa masa tabarau. Ita ta bi motar har masauki da ƙafarta ta ba da haƙuri. Da ta dawo ta kafa masa doka: duk mai furfura ba a jifansa. Ko daga nesa ne, ajiye masa ake yi a hannu.

"Tun ranar bai karya ba," in ji ta. "Kai kuma ga furfura, ga ka kawunsa. Ko za ku kwana a nan, ba zai jefe ka ba. Ka je Amurka ka yi karatu, amma wannan sai na gaya maka?"

Hamid ya juya ya dubi Yazid. "Haka ne?"

Yazid ya sosa ƙeya.

Kaltuma ta nuna Fahad da kofin shayi. "Ga taubashinsa nan tsaye yana zuba surutu a banza. Karɓi agogon ka tura shi."

Fahad bai yi musu ba. Shi da Yazid ɗan namiji da ɗan mace ne, tun suna rarrafe suke tsokanar juna, ba mai shiga tsakani. Ya naɗe hannun riga, ya taka zuwa dutse na biyu yana rangaji.

"Yalla, mai dabino!" ya ƙwala. "Sako mini a hankali yadda ka saba, kada lallenka ya goge. Lurwanu, ka ɗauke shi da kyau, Amurkawa su ga wanda zakara ya koro daga kan soro a unguwar Harra yana kiran Ummi!"

Lurwanu ya yi dariya har kyamara ta girgiza. Yazid ya juya ƙwallon a hannu, ya ɗora yatsu a kan ɗinkin. A karo na farko a wannan safiya ya yi magana da Hausa.

"Tsaya nan. Kar ka motsa."

Hamid ya danna agogo, ya sake dannawa kusan a lokaci guda. Ƙarar da ta fito daga hannun Fahad ta sa wasu direbobi biyu leƙowa ta kan katanga. Fahad ya yar da ƙwallon, ya soke hannu a hammata yana tsalle da ƙafa ɗaya.

"Gwaggo, kin ga ɗanki! Wallahi da gangan ya yi!"

"Da gangan mana," in ji Kaltuma. "Ba abin da aka tara mu a yi ke nan ba?"

Agogon ya nuna kashi tara cikin goma na sakan. Hamid ya daɗe yana kallonsa. Jifa ɗaya ba ta isa shaida ba, don haka aka ba Fahad matashin kujerar Kaltuma ya rungume a ƙirji, aka yi biyar a jere. Babu wadda ta kai sakan ɗaya. Daga ƙarshe aka tura shi can ƙarshen fili, yatsansa cikin kofin ruwan sanyi, bakinsa bai mutu ba. Ƙwallon ta wuce ta kansa ta faɗi a yadi hamsin da bakwai.

Bayan azahar Hamid ya cike takardar. Ya rubuta lambobin duka, na farko da na biyu, bai ɓoye ko ɗaya ba. A ƙasa ya ƙara bayani da hannunsa: yaron ba ya jifan dattijo da ƙarfi, umarnin mahaifiyarsa ne, saboda haka a tsayar masa da tsaransa. Ya hana Lurwanu sa kiɗa da furanni a farkon kaset ɗin, ya kai gidan waya ranar Asabar.

Amsa ta zo ta na'urar fakis ɗin makaranta bayan mako uku. Dalton ya ce ya kalli kaset ɗin sau huɗu, matarsa ma ta kalla, suna gaida mai rungume da matashin kujera. Yana son Yazid ya zo gwaji a watan Agusta, shi da wani yaro guda, a ɗauki ɗaya. Game da bayanin ƙasan takarda kuwa, ya ce ya karanta ya yi dariya, amma shekara talatin da biyar ke nan shi da kansa yake cafe jifar farko ta duk wanda zai ɗauka. A tafin hannunsa yake gane mai ƙarfi, ba a agogo ba, kuma ba zai sauya yanzu ba.

Hamid ya buɗe durowa ya ciro hoton da kocin ya aiko masa bara. Babu baƙin gashi ko ɗaya a kansa. Ya ɗauki hoton da takardar ya nufi Uhudu, ya tarar da Kaltuma tana ɗaure ledoji, Yazid na bakin titi yana jiran mota ta tashi. Ya fassara mata, ya ce abin da ake nema a wurinta kalma ɗaya ce, ta ɗage dokar na rana ɗaya.

Ta karɓi hoton ta nisanta shi da ido.

"Shekarunsa nawa?"

"Sittin da uku."

"To ai ya girme ni. Ga shi kuma da tabarau." Ta mayar masa da hoton, ta ci gaba da ɗaurinta. "Zan yi tunani."

Jirgin Yazid zai tashi daga Jidda ranar tara ga Agusta. Yatsan Fahad ya warke. Hamid ya koma rumfar sau uku a kan maganar, kuma har ranar da biza ta fito Kaltuma ba ta ce ta ɗage dokar ba.