Wa Zai Yanka Ragon Kirsimeti?

Dalva na tsakiyar yanka albasa, hawaye shaɓe-shaɓe, sai Patience ta ɗago kai daga turmi ta ce, "Af, Maman Lidiya, wa zai yanka muku ragon?"

"Maigidana mana. Ba ki ji yana wasa wuƙa ba?"

Ana kuwa ji. Tun da gari ya waye ƙarar wuƙa a kan dutse ke tashi daga bayan gida. Mijin Dalva, Josué, wanda mutanen layi suka mayar Malam Yusha'u don harshensu ya huta, ɗan makiyaya ne daga kudancin Brazil, kuma in akwai abin da yake taƙama da shi bayan Littafi Mai Tsarki, to gashin nama ne. Shekara biyu ke nan da cocinsu ta turo su Kano, suka kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Shi yana gyaran kekunan guragu a wata rumfa a Tarauni, ranar Lahadi ya yi wa'azi a wata ƙaramar coci a Unguwa Uku. Ita kuma tana gashin ƙashi a ɗan asibitin mishan, inda suke aiki tare da Patience, 'yar Kagoro da ke zaune a bayan layinsu. Ragon nan wata uku Yusha'u yana lallaɓa shi da dusa da harawa. Yau jajibirin Kirsimeti, yau za a gasa a raba wa maƙwabta, don gobe a coci za a wuni.

Patience ta jingine taɓarya. "To maza ki je ki riƙe hannunsa. In shi ya yanka, babu gidan da zai ci a layin nan."

"Ban gane ba. Bara ma shi ya yanka kajin. Gida shida na kai wa shinkafa, kwanukan suka dawo a wanke, har da dabino a ciki."

"Kwanuka sun dawo, ai ban musa ba. Amma mu a nan, in za mu yi yankan Kirsimeti Musulmi muke kira, don kowa ya samu ya ci. Wasu malamansu sun ce babu laifi, sai dai mutanen layin nan hankalinsu ba ya kwanciya in ba nasu ne ya ja wuƙar ba."

"To abincina na bara ina ya tafi?"

Patience ta duƙufa tana duban cikin turmi kamar ta yar da allura a ciki. "Gidana. Maƙwabciyarki Hajiya Maimuna ce ta tattara duka, ta bi da shi ta lungu. Kwana uku muna cin shinkafarki, har yarana suka fara roƙon tuwo."

Dalva ba ta yi dariya ba. Ta ruga bayan gida, ta tarar mijin ya riga ya kayar da ragon, ta yi masa bayani da harshensu. Yusha'u ya dubi wuƙar, ya dube ta, fuska a murtuke.

"Wato ni ban iya yanka ba ke nan?"

"Ka iya. Amma ba don mu kaɗai ka yi kiwonsa ba."

Ta yafa gyale ta fita, ranta a ɓace. Ba asarar shinkafa ce ta dame ta ba. Ta ci naman layyar Hajiya Maimuna, ta sha kununta duk azumi, ta ɗauka hanyar nan ana zuwa ana dawowa ne. Ashe duk zaman nan ita baƙuwa ce da ake lallaɓawa. Abu ɗaya take so yanzu, ta ga wani a layin nan ya sa abincinta a baki da idonta.

Ta yi sallama gidan da ke kallon nasu. Hajiya Maimuna na tsintar wake a tsakar gida. Mijinta, Malam Ɗan'azumi, tsohon direban babbar mota da ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, yana kan tabarma yana matsa ƙwallon roba da Dalva ta ba shi. Sau biyu a mako take shigowa ta miƙar masa da hannun dama. Aka gaisa, aka tambayi lafiyar 'yarta Lidiya da makaranta, sannan Dalva ta zauna a kan turmi.

"Hajiya, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Hajiya ta dube ta sau ɗaya ta gane. "Patience ce ko? Wannan yarinya cikinta ba ya riƙe magana, sai shinkafa." Ta ture faifan gefe. "'Yar nan, ta yaya zan faɗa? Kin shigo da kwano kina murmushi, kin baro uwa da uba a wata uwa duniya, sai in ce ki koma da abinki? Kunya ce ta kama mu, duk layin."

"Da kin faɗa, da na ji ciwon yini ɗaya. Yanzu na shekara guda nake ji."

Hajiya ta janyo faifan waken gabanta. Can ta ce, "Kin fi ni gaskiya. Ki yi haƙuri."

"Rago na can a ɗaure. Wa zan kira?"

"Akwai Auwalu mahauci a bakin kasuwa, in an yi masa waya..."

"Wane Auwalu, ina zaune?" in ji Malam daga kan tabarma.

"Haba Malam, hannun da Sallah biyu bai yanka ragon gidan nan ba?"

"Ga mai hannun nan, ki tambaye ta."

Dalva ta durƙusa gabansa ta miƙa yatsu biyu. "Baba, matse." Ya matse har ta cije leɓe. Ta sa ya ɗaga, ya lanƙwasa, ya ja. "Zai iya," in ji ta, "in akwai mai danne masa ragon da kyau."

Mai dannewa kuwa akwai shi, ko da yake har yanzu yana kumbure-kumbure. Da Malam ya tsallako gidan, Yusha'u ya miƙa masa wuƙa. Malam ya gwada kaifinta a farcen babban yatsa, ya ɗaga gira.

"Wa ya wasa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Lallai ka san aiki. Mahautan yanzu ba su kai ka ba."

Nan take fushin Yusha'u ya bi iska. Shi da kansa ya juya ragon inda aka nuna masa alƙibla, ya danne shi da gwiwa. Malam ya yi bismilla, ya ja sau ɗaya. Da aka gama ya jima yana duban hannunsa, yana buɗewa yana rufewa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Mun gode wa Allah," in ji Yusha'u.

Kafin la'asar ƙamshi ya tsallake katanga ya cika layi. Dalva ta ɗauki farantin farko da kanta ta kai wa Hajiya, ta nemi wuri ta zauna daram.

"Yau ba zan tashi ba sai na gani."

Hajiya ta yi dariya har gyalenta ya zame. Ta wanke hannu, ta yi bismilla, ta ɗauki yanka ɗaya. Ta daɗe tana taunawa, ita kuwa Dalva ta zuba mata ido.

"Laushi kam ya yi laushi," in ji Hajiya. "Amma 'yar nan, gishiri kawai? Haka kuke cin nama a garinku, kamar masu jinya?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin yaji, ta barbaɗa, ta ɗauki yanka na biyu, ta bi da na uku, ta tura wa Malam saura. Sannan ta danƙa wa Dalva gwangwanin.

"Kada ki kuskura ki kai wa sauran gidajen haka, ki ba ni kunya a layi. Je ki barbaɗa wa kowa."

Dalva ta rungumi gwangwanin ta tsallaka layi tana dariya ita kaɗai, tana neman ta inda za ta fara gaya wa Yusha'u cewa gashin nasa da sauran gyara.