Ranar da Inna Ta Kalli Ɗanta

Wai wannan kwatar ake kira kogi! Tun da muka tsaya a bakin Thames a Woolwich nake toshe hanci. Ruwa ya janye ya bar taɓo baƙi ƙirin, ga tsohuwar taya, ga keken kanti a kife, amma Turawa sun jeru suna ɗaukar hoto har da ɗaga ƙafa. Shekarata goma sha tara a Landan ban taɓa sha'awar hawa jirgin ruwan nan ba. Mijina ne ya yi mana booking ɗin tikiti, bai ma tambaye ni ba.

Dakta Nuruddeen Jalo ke nan, babban likita, shekara arba'in da shida, wanda in ya shiga asibiti kowa ke gyara tsayuwa. Amma tun da mahaifiyarsa ta zo daga Yola mako biyar da suka wuce, ya koma ɗan firamare. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma Bafulatana ce ta asali, mai fulako har ya yi mata yawa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, in ya shigo falo sai ta juya wajen bango. In tana da magana da shi, ni take gaya wa, alhali yana tsaye a wurin: "Ki ce wa wancan maganina ya ƙare." Ni Zarah, Babarbariya, haihuwar Zangon Barebari a Kano, wadda uwata ke ƙwala wa yayanmu kira sai an ji a layi na uku, ni na koma 'yar aike tsakanin uwa da ɗa a gidana na unguwar Plumstead.

Abin da ya hana shi sukuni kuwa, ƙanwarsa Nimatu ce ta bugo daga Yola kafin Inna ta taso. Ta ce tsohuwa ta fara mantuwa, ta zuba gishiri a kunu, ta tambayi wata yayarta da ta rasu tun tuni. Tun daga ranar Dakta yake son ya tabbatar da abu ɗaya: har yanzu uwarsa ta san shi, ko kuwa? To ta ina zai gane? Mutumin da ke titsiye tsofaffin Turawa da tambayoyi, ba shi da bakin tambayar uwarsa ko yau wace rana ce. Jirgin saman da zai mayar da ita gida ranar Lahadi zai tashi. In kanta lafiya, ta tafi. In ba lafiya ba, zai riƙe ta a nema mata magani.

Ni ba na ɓoyewa, Lahadi nake jira. Na gaji da dafa tuwo sau biyu, na gaji da cin abinci a kicin a tsaye don kada a ce ba ni da kunya.

"Mantuwa a ina, Dakta?" na ce masa. "Matar da ko sau ɗaya ba ta manta ta juya maka ƙeya ba? Ranar da ta kalli fuskarka, ka zo mu yi magana."

Bai ji ba. Wai a bakin kogin Binuwai Inna ta girma, da ƙwaryar nononta take shiga kwalekwale zuwa kasuwa, don haka in ta ga ruwa za ta saki jiki. Kuma a cikin jirgi babu ɗakin da za ta gudu ta rufe. Zai zauna ya lura da ita tun daga Woolwich har Westminster. Dabarar mai digiri uku ke nan.

Jirgin ya iso, dogo, mai kujeru jere da manyan tagogi. Inna ta zauna jikin taga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na zauna kusa da ita. Shi kuwa ya zauna a kujerar bayanmu, don ko karen hauka ya cije shi ba zai jera da ita ba.

Muna tashi ya fara karatu. Ni yake gaya wa, amma da ƙarfi don ta ji.

"Zarah, kin ga waɗancan manyan ƙarafan a tsakiyar ruwa? Shinge ne. In teku ta cika sai a rufe, kada ta cinye garin."

"Inna, wai shinge ne," na ce.

"Uhm," in ji Inna.

Muka wuce ƙaton ginin nan mai kama da farin tanti, mai tsinkaye a ka, wanda ake cika baki da shi, ni kuwa ban ga komai ba sai kwano a kife. Muka wuce gidajen gilashi ɗaya bisa ɗaya, kowanne da baranda da ba za ta ɗauki tabarma ba. Wata Baturiya a gabanmu tana ta "wow, wow", karenta sanye da riga yana zaune a kujerar mutum. Na yi tsaki. A Greenwich Dakta ya ce daga can saman tudun ake auna agogon duniya baki ɗaya.

"Garin da rana ba ta san lokacin fitowa ba?" na ce. "Su fara gyara nasu."

Bai yi dariya ba. Idonsa na kan ƙeyar uwarsa.

Sai Inna ta taɓo ni. Tun ɗazu ruwan take kallo, ba gine-ginen ba.

"Ki ce wa wancan, ruwan nan baya yake tafiya. Da muka taso gangarawa yake. Yanzu ga kwalba can tana bin mu."

Na leƙa. Wallahi haka ne, wata robar ruwa tana hawowa sama, taɓon ɗazu ya fara nutsewa. Dakta ya matso da sauri, ya yi bayanin yadda teku ke turo ruwa sau biyu a rana. Inna ta ce wa taga, "Binuwai ba ya haka."

Na juya na harare shi. "Ka ji ko? Jirgi cike da mutane, ita kaɗai ta lura. Wannan ce mai mantuwar? Kai da Nimatu ku nemi wani aikin."

Ya sauke numfashi ya jingina. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ni kuma a zuciyata har na fara jera kayan tsaraba a akwatinta.

Bayan Greenwich jirgin ya ƙara gudu, jijjigar ta ɗauki Inna, ta yi gyangyaɗi. Muka wuce dogayen benayen bankuna na Canary Wharf, inda ake ganin mutane kamar tururuwa da kofin kofi a hannu, kowa fuska a murtuke. Dakta ya tashi ya nufi wurin da ake sayar da shayi a tsakiyar jirgi. Layi ya yi tsawo, don Bature in bai tsaya a layi ba ranar ba ta cika masa ba. Ni na koma kujerar da ke fuskantar Inna don in miƙe ƙafa.

Muna dab da gadar Tower Bridge mutane suka miƙe gaba ɗaya da wayoyi, hayaniyar ta tashe ta. Ta buɗe ido ta dubi rufin jirgi, ta dubi taga, ta dubi Turawa. Mayafin ya zame bai dame ta ba. Daidai nan Dakta ya dawo ta gabanta, da kofi biyu da ɗan kek a takarda. Ya miƙo mini nata, kamar kullum, don in ba ta.

Inna ta ɗaga kai ta kalle shi. A fuska, ido cikin ido. Ta yi murmushi har gibinta ya fito, ta janye jakarta daga kujerar kusa da ita, ta bubbuga wurin.

"Zauna mana, bawan Allah. Kana ta tsayuwa."

Allah ya yafe mini, abin da na fara ji daɗi ne. Na ce to, yau dai Landan ta yi abin kirki guda ɗaya, ta karya fulako. Har na buɗe baki zan tsokane ta in ce Fulani sun sallama wa Barebari. Sai na ga hannun Dakta. Shayin yana zuba a kan yatsunsa, da zafinsa, bai ko motsa ba. A nan maganar da na yi masa da bakina ta dawo mini.

Ya zauna a gefen kujerar. Ta karɓi kofin daga hannunsa, ta gutsuri kek ɗin ta ci a gabansa, tana tauna tana kallonsa.

"Kai ɗan ƙasarmu ne, na gani a fuskarka," ta ce. "Ya sunanka?"

Ya ce, "Nuruddeen."

Ta sa hannu ta rufe baki, ta sunkuyar da kai tana 'yar dariya. "Ayya. To ka yi haƙuri, ba zan iya kiranka ba. Sunan wani ne."

"Wane ne, Hajiya?"

Hajiya ya ce. Ban taɓa jin ya kira ta da haka ba.

Ta waiga dama da hagu, ta matso kusa da kunnensa, amma ina ji.

"Na farina ne. Yana ƙasar Turawa, likita ne babba. Tun yana ƙarami ba ya barin ƙanne su yi kuka. Shekarar da za a kai shi makarantar kwana, na bi motar a ƙafa ta bayan gari har bakin gada, bai sani ba. Na ɓuya a bayan wata bishiyar ɗorawa har suka haye." Ta kurɓi shayi. "Da asuba shi nake fara roƙa wa Allah, kafin sauran. Duk cikinsu babu kamarsa."

Inuwar gadar ta rufe mu, 'yan yawon buɗe ido suka yi ihu suna tafi. Wani ƙato da hular kwano ya taka mini ƙafa yana neman wurin hoto. Na ƙyale shi, ni da ba a taka ni a wuce lafiya.

"In ka haɗu da shi a can," in ji Inna, ta kama hannun rigarsa, "kada ka ce na faɗa. Abin kunya ne."

"Ba zan faɗa masa ba," ya ce.

Ya ciro hankici ya goge mata ɗigon shayi a haɓa. Ta bar shi. Sauran tafiyar ita ke nuna masa abubuwa ta taga, tana tambaya, yana ba ta amsa kai tsaye, ba sai ta bakina ba. Ta ga ƙatuwar ƙafar keken nan da mutane ke hawa tana juyawa da su, ta ce Turawa ba su da aikin yi. Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ta ce iskar ruwa ce, ita ma tana sa ta hawaye.

Ni kuwa ina zaune, shayin da ya kawo mini ya huce a kofi. Mako biyar ina raina matar nan don ba ta kallon ɗanta, ina raina shi don ya damu. Ashe duk safiyar da ta juya masa ƙeya, shaida ce tana nan da hankalinta. Ni mai baki, mai wayo, ni ce ban gane komai ba a gidan.

A Westminster kowa ya tashi. Inna ta ƙi motsi.

"Ku je," ta ce. "Wancan ne ya kawo ni. Zai dawo ya ɗauke ni, ba ya saɓa alkawari."

Ma'aikacin jirgin ya tsaya a ƙofa yana jiranmu. Dakta ya durƙusa a gabanta, a ƙasan jirgi, da wandonsa mai tsada.

"Shi ya aiko ni, Hajiya. Ya ce in kai ki gida."

Ta dube shi sosai. "To, in shi ya ce."

Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta. Ba ta saki ba har suka hau gangaren da ke kaiwa titi, tana jingine da kafaɗarsa, tana sa masa albarka, tana cewa Allah ya ji ƙan uwar da ta haife shi. Na biyo su da jakarta da mayafin da ta bari a kujera. A ƙarƙashin babban agogon nan na tsaya, cikin turereniyar masu hoto, na ciro waya na yi cancel ɗin tikitinta na jirgin Lahadi. Sannan na kira Nimatu.

"Yaya Zarah, lafiya?" ta ce. "Ya Inna?"

"Ga su can a gabana," na ce. "Ta riƙe masa hannu."

Sai na ji Nimatu ta fara kuka.