Baba da Kujerar Aku

Mahaifina mai ɗinkin kujeru ne, kuma babu abin zama a duniyar nan da ya taɓa burge shi in ba daga hannunsa ya fito ba. Ni kuma taurin kansa na gada kaf. Marigayiya mahaifiyata takan ce idan ni da shi muka fara musu, gara mutum ya nemi wuri ya zauna.

Da na koma aiki, Baba ne ya ɗauki nauyin ɗauko 'yata daga makarantar yara. Shekararta uku, bakinta ba ya hutawa, shi ya sa ya raɗa mata Aku. Da rana sai ya ja ƙofar shago, ya je ya ɗauko ta a tsohuwar motarsa, ta zauna cikin guntayen soso da yadi tana zuba masa labari har in tashi daga aiki. Tun da mahaifiyata ta rasu ban ga abin da ya dawo masa da dariya kamar wannan ɗauko ba, kuma wallahi ina jin daɗin hakan har cikin raina.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa: kujerar yara. Maigidana ya ɗaure ta a bayan motar, ni kuma na nuna wa Baba yadda ake jan igiyar har ta kwanta lif a kafaɗa, yadda ko ka so tsunkule ta da yatsu biyu ba za ta kamu ba.

"Ku a cinya aka raine ku, ga ku nan garau," in ji shi.

"Allah ne ya tsare, Baba."

Ya yi tsaki, amma ya bi. Kullum sai ya ɗaure ta.

Ranar nan aka tashe mu da wuri, na wuce shagon kai tsaye. Motar tana bakin ƙofa. Ina leƙawa ta taga na ce innalillahi! Kujerar ta koma kamar ta gidan sarauta. Baba ya cire rigarta ta asali, ya shimfiɗa soso mai kaurin yatsu huɗu a mazauni da jingina, ya lulluɓe da jan karammiski, har igiyoyin kafaɗa ya yi musu matasai. Ɗinki kam ba a magana, ko zare ɗaya bai karkace ba.

Ya fito yana share hannu, bakinsa har kunne.

"Kin gani ko, Uwata? Katako suka sayar miki. Yarinya tana zaune a kai kamar mai laifi. Yanzu kuwa kafin mu kai kwana ta yi barci."

Da ina da hankali da na fara da sannu da aiki. Ina! Zuciya ta riga ni.

"Haba Baba! Wa ya sa ka? In dai a wannan ce, ba za ta ƙara shiga motar nan ba."

Fuskarsa ta sauka nan take. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dubi ƙasa kawai ya ce, "To, 'yarki ce." Na san shi sarai. Idan ya ce haka, gobe ba zai je makarantar ba, jibi ma haka, kuma ba zai sake ɗaga maganar ba har abada. Hankalina ya tashi. Ba na son raba shi da yarinyar, kuma ba zan bar ta ta hau titi a haka ba.

Aku ce ta fito a guje, da zare a gashinta.

"Mama, zo ki ga kujerata! Kaka ne ya yi min!"

Kafin in yi magana ta haye ta baje. Baba ya sunkuya ya ɗaure ta, ya ja igiyar, ba tare da ya kalle ni ba.

"Ga shi nan. Tsunkula ki gani."

Na tsunkula, ba ta kamu ba. Tsam take. Duk da haka na san akwai matsala. Sai idona ya kai cikin shagon, kan wata doguwar kujera da aka kawo gyara, tsakiyarta ta lotsa kamar kwano.

"Baba, waccan me ya same ta?"

"Me kuwa? Soso ne. Kowane soso in ya ji nauyi sai ya kwanta."

"To danna wannan mu gani. Da ƙarfinka, yadda kake gwada na mutane."

Ya harare ni, amma mai sana'a ba ya ƙin a gwada aikinsa. Ya zura tafin hannunsa bayan yarinyar ya danne jinginar, ɗaya hannun ya danne mazaunin. Soson ya lotse. Aku ta nutse ciki tana ƙyalƙyala dariya, igiyar nan da take tsam ta saki, ta zame daga kafaɗarta ta sauko har damtse.

Ya daɗe bai ɗaga hannunsa ba.

"Hannuna ne kawai wannan," ya ce a hankali. "Ina ga an taka birki a guje."

Ya kwance ta, ya sauke ta ƙasa, ya shiga shago ya fito da reza. Aku ta ɓare baki da ta ga ana farke jan yadinta, ya ce mata, "Yi shiru, sarkin surutu, matashi zan yi miki da shi, ki riƙa zama a kai kina cika min kunne." Rigar asalin tana nan a ninke a kan teburin shagon, don Baba ba ya yar da yadi. Tare muka mayar da ita, ina riƙe yana zura igiya, yana ƙunƙuni cewa masu yin ta ko gefe ba su iya kashewa ba. Na ce da maraice maigidana zai sake duba ɗaurin, ya ce ya duba.

Da muka gama ya sa yarinyar, ya ja igiya, ya danna da kansa. Ko motsi.

Ya tsaya yana juya rezar a hannu. Mutumin da tun da nake bai taɓa neman izinina a kan komai ba, sai ga shi yana kallona ta gefen ido.

"Uwata, goben... in je?"

Hawaye suka cika min ido, na juya kamar ina neman wani abu a jaka.

"In ba ka je ba wa zai je, Baba? Kada dai ka makara, ka san bakinta."