Ƙofar Baya

"Ai ba korar ta muka yi ba, Mama," in ji malamar shawara, tana murmushi irin na mai shirin yi wa yaro allura. "Shawara ce. Ko dai ta maimaita aji, ko ta je wata cibiya ta rubuta jarrabawar fita da kanta, ba da sunan makarantarmu ba."

Tela, kamar yadda ake kiran ta saboda sana'arta, ta gyara zama. Sai a lokacin ta lura ashe da tef ɗin awo a wuya ta baro shago, ta kuma bar rigar wata mata a ƙarƙashin allurar keke ba ta gama kalmasa ba. An aiko cewa iyayen 'yan ajin ƙarshe su zo a nuna musu yadda za su shirya 'ya'yansu shiga jami'a, shi ya sa ta taho da tambayoyi cike da baki. Autarta lauya take son zama. Duk gidan dariya suke yi wa wannan buri, domin yarinyar ko kaza ce ta shiga ɗaki sai ta ba ta haƙuri kafin ta kore ta. Amma Tela ba ta taɓa yin dariyar ba.

"Me ta yi?" ta tambaya.

"Babu komai. Yarinya ce mai ladabi, Turancinta da Tarihinta kuma babu laifi. Lissafi ne ya ƙi ta. Idan ta faɗi shi, babu jami'ar da za ta dube ta, kin ga an yi asarar shekara."

"Idan ta maimaita ajin fa, ba a yi asarar shekarar ba?"

Malamar ta shiga jujjuya biro. Tela ta zuba mata ido. Tun Auta na 'yar mitsitsiya aka kawo ta makarantar nan, kuma Tela ce ta nace, saboda ƙaton allon da ke bakin get mai cewa ɗalibansu ba sa faɗuwa jarrabawa. Ta sha nuna wa maƙwabta allon nan tana hura hanci. Yau ga shi an zaunar da ita, cikin ladabi da sanyin murya, ana nuna mata yadda ake yi ɗalibai su ƙi faɗuwa: wanda aka ga zai faɗi, tun da wuri ake zare shi.

"Ki je gida ki yi tunani," malamar ta ce, ta miƙe ta buɗe wata 'yar ƙofa a bayan kujerarta. "Ta nan ake fita, Mama. Ta fi kusa da get."

Tun da safe Tela take kan benci a baranda tare da sauran iyaye, kuma abin ya ɗaure mata kai: mutum zai shiga ofishin nan, ba za a sake ganin ƙeyarsa ba, sai dai a kira na gaba. Yanzu ta gane. Kowa zai ɗauki kunyarsa ya bi ta bayan gini, yana zaton ɗansa ne kaɗai daƙiƙi a duk makarantar, ya je gida ya sauke fushin a kan yaro.

"Ta inda na shigo zan fita," ta ce.

"Mama, tsari ne."

"Ni ma tsarina ke nan. Tun da nake ban taɓa fita ta ƙofar baya ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ta murɗa ƙofar gaba ta fito baranda. Bencin na nan cike. Akwai wani mai gyaran wuta da hular kwano a kan gwiwa, akwai wata mata mai tabarau da ta dulmiya cikin wayarta, ga wani dattijo da sanda, jikarsa ya zo wa. Duk suka ɗago, domin ba su saba ganin wanda ya shiga ya dawo ba.

Gaskiya kunya ta kama Tela. Mace ce da ko ɗinki ya karkace ba ta yarda a gani, sai ta farke shi ta sake. Amma haushin ya fi kunyar yawa.

"Jama'a, 'yata ba ta iya Lissafi ba," ta ce da ƙarfi. "An ce kada ta rubuta jarrabawa a nan, kada ta ɓata musu suna. Abin da ake faɗa a cikin ɗakin nan ke nan. Naku fa?"

Wani ya yi gyaran murya, wani ya kama kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.

"Ni dai ɗana lafiyarsa ƙalau," in ji mai tabarau. Ta saɓa jakarta ta koma can ƙarshen baranda, amma ba ta tafi ba.

Mai gyaran wuta ya sosa ƙeya. "Nawa Turanci ne ya fi ƙarfinsa," ya ce. "Wallahi idan yana karatu sai ka rantse janareto ne ya shaƙi ruwa."

Dattijon ya tuntsire da dariya har sandarsa ta faɗi. "Tawa jikar, duka biyun ne!"

Nan take benci ya kacame. Wannan na cewa Kimiyya, wancan na cewa ai shi tun bara aka fara yi masa wannan waƙar. Malamar shawara ta leƙo ta kira na gaba, babu wanda ya motsa. Ta sake kira, sannan ta koma ciki da waya a kunne.

Ba a jima ba shugaban makaranta ya iso, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Mutum ne mai sanyin magana, wanda bai taɓa ɗaga murya ba domin bai taɓa buƙata ba. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya a gaban Tela.

"Baiwar Allah, ki shigo mu yi magana a ciki."

"A nan ma ina ji, ranka ya daɗe."

"Mu fa amfanin yaran muke dubawa. Yaro ya faɗi jarrabawa, zuciyarsa ta karye, wani ba ya sake ɗaukar littafi."

"Idan kuma aka ce masa bai isa ko ya gwada ba, zuciyar ƙarfe take zama? Ku kuka koya wa 'yata tun daga ajin farko. Idan ta ci, hotonta za ku manna a bango. To idan ta faɗi ma taku ce. Ni idan na ɓata riga, ba na cewa mai ita ta je ta ce wani tela ne ya ɗinka."

"Haka ne!" in ji mai gyaran wuta. Wasu suka gyaɗa kai. Wasu kuwa tuni sun fara zamewa, domin ba kowa ke son shugaba ya riƙe fuskarsa ba.

Shugaban bai yi fushi ba. Ya yi ɗan murmushi, ya ce wa malamar shawara, "Je ki taho da yarinyar." Sannan ya juyo ga iyayen. "Mu manya mun yi ta surutu a kanta. Ita za ta zauna a ɗakin jarrabawa, ba mu ba. Abin da ta ce, shi za a yi. Kin yarda?"

Wannan ne kaɗai abin da Tela ba ta shirya masa ba. Ta san 'yarta. Yarinyar da ake ba ta ragowar atamfa mafi muni ta ce ta gode, yarinyar da yayyenta ke aike tana tsakiyar cin abinci ta tashi ba musu. Shugaban ma ya san ta, shi ya sa ya aika.

"Na yarda," ta ce, domin babu yadda za ta yi.

Auta ta taho a bayan malamar, doguwa siririya, da tawada a yatsu. Ta ga taron, ta ga uwarta da tef a wuya a tsakiyarsu, ta sunkuyar da kai. 'Yan ajinsu sun yi cincirindo a tagogi suna leƙe. Yanzu babu wanda bai san ko su wane ne aka ware ba, kuma uwarta ce ta tona. Tausayin yarinyar ya kama Tela har ta ji kamar ta ce a bar maganar.

"'Yata," shugaban ya ce a hankali, "kada ki ji tsoron kowa, har da mamanki. Faɗa mana gaskiya tsakaninki da Allah. Za ki iya cin Lissafi?"

Auta ta daɗe tana murza gefen rigarta.

"Ban sani ba, Malam," ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Wataƙila in faɗi."

Shugaban ya buɗe hannuwa ya dubi iyayen, alamar kun dai ji. Tela ta runtse ido.

Shugaban ya ce, "To kin gani. Saboda haka ki yi haƙuri ki..."

"A'a, Malam."

Tela ta buɗe ido. Kan yarinyar na sunkuye har yanzu.

"Ban ce zan ci ba," in ji Auta. "Amma zan rubuta. A nan, tare da 'yan ajinmu." Ta ɗago kai. "Don Allah in koma? Ana darasin Lissafi, kuma an fara abin da ban gane ba."

Babu wanda ya ba ta izini. Ta ɗan jira, sannan ta juya ta tafi, ta ratsa gaban tagogin nan duka ba tare da ta yi sauri ba.

Tela ta laluba bencin ta zauna. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya dogara ya miƙe.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a kira mini tawa ita ma."