Ma'aikaci Na Tara

Da ɗana Dinko ya samu aikin daɓe tashar manyan motoci da kankare a hanyar garin Newman, sai da na ce masa kada ya fara a watan Janairu, tsakiyar zafi ke nan a ƙasar nan. Ya ce mai wurin ya matsa, tireloli na faka masa a cikin jar ƙasa, kafin Ista yake son a gama. Na ce to, in dai za a yi, da ni za a tafi.

"Mama, shekarunki saba'in da takwas fa."

"Ka taya ni ƙirgawa ne? Ɗauko min kulolin."

Tun zamanin mijina Shime, aikina a wurin zuba kankare guda ɗaya ne, ruwa. Maza su zuba, su baje, su goge, ni kuma in tabbatar kowa ya sha. Ba na yarda da "na sha". Sai na miƙa maka kofi da hannuna, na ga maƙogwaronka ya motsa. Kamfanin namu ma da sunana yake tun rasuwar Shime, amma wannan ba ya hana Dinko ɗaga min murya.

An raba filin gida goma sha biyu da katako, kowane gida ya kai faɗin coci. Mun gama uku a makon farko lafiya lau. Ranar Talata aka shirya zuba uku a jere. A irin zafin nan tun kafin gari ya waye ake farawa, a gama kafin rana ta yi ƙarfi. Sai motar kwaɓa kankare ta biyu ta yi faci a hanya. Ta uku ta tsaya taimakonta. Ba su iso ba sai wajen tara, kankaren har ya fara ɗumi a ciki.

Semisi, shugaban ma'aikatanmu, wani ƙaton mutumin tsibirin Tonga da ya shekara goma sha tara yana cin burodina, ya sa hannu a kwaɓin ya girgiza kai.

"Maigida, wannan ya kusa zama dutse. A mayar da shi."

"A mayar da shi ina? Zuba!" in ji Dinko.

Aka zuba. Sai iskar gabas ta taso, busasshiya, irin wadda take shanye fuskar kankare kafin ka juya. In ta riga ka, daɓen zai yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki, sai dai a fasa a sake. Maza takwas ne har da Dinko, kowa ya rufe fuska da ƙyalle, suna ta gudu da injin goge da tsintsiya. Ni ina ƙarƙashin rumfa da kuloli biyu, da kankana, da kifin gishiri.

Bibbiyu nake kiransu. Semisi ya zo da wani, suka sha.

"Tsohuwa, ruwan nan naki ko gishiri kika zuba ne? Ko hawayenki ne?"

"Sha ka ba ni kofina, ƙaton banza. Tumbin nan naka ma inuwa ce, da ka tsaya kusa da ɗana da ka yi amfani. Turo min shi."

"Na faɗa masa sau biyu. Ya ce sai ya ƙarasa gidan can."

Gidan can shi ne na ƙarshe, can nesa a kusurwar gabas. Dinko ya hana kowa taɓa shi, don ta nan motoci za su shigo, nan ido zai fara sauka. Yana durƙushe a kan katako da cokalin gini, yana gyaran bakin daɓen.

Sha ɗaya ta wuce. Ma'aunin zafi da ke jikin motarmu ya nuna digiri arba'in da shida. Bakwai sun sha sau uku-uku, Dinko sau ɗaya tun safe. Na tsaya a bakin rumfa na sa hannu a goshi ina ƙirga kawuna, yadda na saba. Na samu tara.

Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Tara.

Direbobin motocin kwaɓa sun tafi tuntuni. Babu gida, babu bishiya, babu wata mota ban da tamu, sai jar ƙasa har inda ido ya tsaya. Na kira Semisi.

"Ku nawa ne yau?"

"Takwas mana. Kin fara mantuwa ne?"

"Ƙirga min."

Ya juya yana nunawa da yatsa, ya gama da kansa. "Takwas. Shiga inuwa, Mama Manda, kawalwalniya ce ke wasa da ke."

Ya koma bakin injinsa. Ni kuwa na san kawalwalniya, shekara hamsin muna tare da ita. Tana raba mutum biyu, tana ɗaga shi sama, tana yanke masa ƙafa. Ba ta taɓa sa wa mutum wasu kaya dabam ba. Duk yaranmu riguna masu ruwan lemo ne a jikinsu, masu dogon hannu, doka ce. Wanda ke bayan Dinko farar singileti ce a jikinsa, ya ɗaure kansa da hankici mai ƙulli huɗu. Yana jan tsintsiya a kan kankaren a hankali, layi bayan layi. Da hagu yake ja.

Sai na ƙura masa ido.

Mutum ɗaya na sani mai jan tsintsiya haka. Lovre sunansa. Ƙauyenmu ɗaya a Dalmatiya, can inda muka fito, jirgin ruwa ɗaya ya kawo shi da Shime, shi ya riƙe Dinko ranar baftisma. A shekarar saba'in da tara muna daɓe wani filin ajiye motoci a garin Port Hedland, a rana irin wannan. Kwaɓi ya ɗau zafi, ƙanƙara ta ƙare saura dunƙule ɗaya, wanda na ajiye a ruwan sha. Shime ya ce in jefa shi a injin kwaɓa ko mu rasa aikin. Ba tilasta ni ya yi ba. Na duba na ga gaskiyarsa, na juye kular gaba ɗaya, ruwa da ƙanƙara. Can Lovre ya ɗago kai ya ce, "Manda, ruwa." Na ce masa, "Ƙarasa gidan nan, yanzu zan kawo maka." Na ɗauki mota na tafi neman famfo. Ya ƙarasa gidan kuwa, ya share shi tsaf. Da na dawo yana zaune ya jingina da buhunan siminti, tsintsiya a cinyarsa, idonsa a buɗe.

Likita ya ce zuciya ce. Babu wanda ya ce da ni komai, don babu wanda ya ji abin da na faɗa. Na kula da matarsa har ta koma Dalmatiya, na yi masa kabari mai kyau. Amma na san ba kabari ya roƙe ni ba.

Yanzu ga shi a bayan ɗana. Dinko ya matsa da katakonsa, shi ma ya matsa. Dinko ya ɗago kamar zai miƙe, sai mutumin ya sunkuya kusa da kunnensa, Dinko ya koma ya durƙusa.

Na ƙwalla kira, "Dinko!" Iska da ƙarar inji suka cinye muryar.

Hanyar zagaye doguwa ce. Gefe ɗaya rodi ne a shimfiɗe, ɗaya gefen ramin kwalbati. Da ƙafafuna sai in yi minti goma. Miƙaƙƙiyar hanya kuwa ta kan gida biyu da aka gama gogewa take, suna sheƙi, ba su kama ba tukuna. Duk wanda ya tashi a gidan masu kankare ya san ba a taka ɗanyen daɓe. Na taɓa marin Dinko yana ɗan shekara shida a kan haka.

Na cika bokiti da ruwa da ƙanƙara, na jefa kofi a ciki, na taka.

Takalmina ya nutse har ya rufe yatsu. Na ji Semisi ya kashe inji.

"Mama Manda! Kin haukace ne? Fita! Wayyo aikinmu!"

Ban waiga ba. Ruwa na ta fantsama daga bokitin, duk inda ya zuba fuskar daɓen ta lalace. Ina tafe ina kallon farar singiletin. Na zaci in na matso zai narke yadda kawalwalniya take yi. Bai narke ba. Har warin tabarsa na ji, irin wadda ake naɗewa da hannu, wadda rabona da jin ta tun ina da haƙorana. Fuskarsa ce kawai ban gani ba. Rana na tsakar ka, amma ƙarƙashin hankicin nan duhu ne.

Na fara da ɗana. Na janye ƙyallen fuskarsa. Fatarsa ja ce, a bushe ƙamas, ko ɗigon gumi babu. Idonsa na kaina amma ba ni yake gani ba. Yana ta magana ƙasa-ƙasa da yarenmu na gida, shi da ko gaisuwa sai na yi masa faɗa yake yi da shi.

"Saura kaɗan... saura kaɗan..."

Na kwara masa rabin bokitin a ka. Na cusa masa ƙanƙara a hammata da wuya. Cokalin ya faɗi daga hannunsa, ya kife a jikina.

Tsintsiyar ba ta tsaya ba. Shuu. Shuu. Tana matsowa.

Na ɗebi ruwa a kofi na miƙa wa mai tsintsiyar.

"Lovre, ga shi. Na kawo. Ni na ce maka ka ƙarasa, ba yaron nan ba. Yana cikin zanin goyo a lokacin. Karɓi."

Bai karɓa ba. Bai ko dube ni ba. Ya zagaye ƙafata da tsintsiyar yadda ake zagaye bakin kwalbati, ya ci gaba da layinsa. A nan na gane ba ruwa ya kawo shi ba.

Sai ga Semisi da sauran sun iso a guje, su ma ta kan daɓen, don sun ga maigidansu a ƙasa. Semisi ya saɓa Dinko a kafaɗa kamar buhu. Aka sa shi a mota, aka kunna sanyi, aka jiƙa buhunan da muke rufe kankare da su aka lulluɓe shi. Da muka ɗau hanya na waiga ta gilashin baya. Filin ya zama kamar inda shanu suka kwana. A kusurwar can kuwa ana ta shara.

Kwana huɗu ya yi a asibitin Newman ana ƙara masa ruwa. Likitar ta ce da an ƙara minti goma da sai dai wani labarin. Ranar da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne daɓen. Semisi ya faɗa masa gaskiya, gida uku sai an fasa. Ya rufe ido ya daɗe.

"Mama, da kin zagaya."

"Da na zagaya da yanzu ina zaɓar maka akwati."

Can ya ce, "Semisi, sabon mutumin nan fa, wa ya kawo shi? Bahagon nan. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Kada ka bari ya tafi."

Semisi ya dube ni. Na ce wa Dinko, "Me ya ce maka?"

"Ba komai. Duk sanda na ce zan je in sha ruwa sai ya ce in ƙarasa gidan, Manda za ta kawo." Ya yi 'yar dariya. "Har sunanki ya sani. Ya ce saura gida shida, tare za mu yi su."

Washegari na sa Semisi ya kai ni wurin mai tashar, na ce masa mun janye. Ya yi ta faɗa, ya ce zai kai mu kotu. Na ce ya kai, ya nuna min inda zan sa hannu. Na sa. Dinko da ya ji, ya jefar da tiren abincin asibiti, ya ce na kashe masa suna a duk yankin Pilbara, babu mai sake ba shi ko daɓen bayan gida. Ban musa ba, don kusan haka ɗin aka yi. Wata biyu bai yi min magana ba. In ya zo cin abinci ranar Lahadi, sai ya ce wa matarsa, "Ce wa Mama ta miƙo gishiri."

Wani kamfani daga birnin Perth ya karɓi aikin. Na aika wa shugabansu saƙo ta bakin Semisi, cewa ya riƙa ƙirga mutanensa da tsakar rana, kuma kada ya bar kowa shi kaɗai a kusurwar gabas. An ce ya yi dariya har da buga cinya.

Ana cikin watan Maris, muna zaune a baranda ni da Semisi ina ɓare tafarnuwa, wayarsa ta yi ƙara. Mutumin Perth ɗin ne. Semisi ya buɗe muryar don in ji.

"Kai, ku zo ku ɗauki tsohon nan naku mana. Ba ya cikin takardata, ba ya sa rigar aiki, in mai duba aiki ya gan shi ni za a ci tara. Aikinsa dai ba laifi, wallahi ya fi yarana. Amma ya dame mu. Kullum rana ta take sai ya tsayar da mutum ya tambaye shi yaushe Dinko zai dawo."

Semisi ya kashe wayar. Daga cikin gida ina jin Dinko yana neman makullin motarsa, yana buɗe durowa yana rufewa. Tun da ya zo da safe yake ce wa Semisi zai je ya ga yadda mutanen Perth suke yin aikin, ido kawai, ba zai taɓa komai ba.

"Mama! Kin ga makullina?"

Wannan ce maganar farko da ya yi min kai tsaye tun asibiti. Makullin na cikin aljihun rigata, ƙarƙashin ɓawon tafarnuwa.

Na ce, "Ban gani ba."